Ranar da ƙanena ya janye wa Bello

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da duk masu saurare. Ni ce Rabi, daga wani ƙauye kusa da Tabla.

Tun ina budurwa, in zaɓe ya zo, mu manoma mu tsaida namu, makiyaya su tsaida nasu. Ƙuri'u su rabu, wani daga birni ya lashe, ba mu ƙara ganin shi.

A zaɓen da ya wuce munka tsaida ƙanena Idi takarar konseye, wato kansila, su kuma sunka tsaida Bello, mai yi wa dabbobi allura. Na iske Idi gida na ce, "Kai, wa ya ceci saniyarmu bara?" Ya ce Bello ne. Na ce, "To, janye mashi." Ya yi hushi har ya daina gaishe ni. Amma ranar kasuwa ya kama hannun Bello gaban jama'a ya ɗaga sama.

Malam, mun ci! Na yi guɗa har muryata ta dishe. Bello ya sa anka shata hanyar shanu, damanar nan ba wanda ya kai ƙarar ɓarnar gona.

A gaida mani Inna Hawwa ta rugga, wadda ta kawo matansu wurin zaɓe tun da safe. A gaida Idi kuma, don janyewa sai namiji.