Zaren Masunta a Ƙafar Duna

'Yan'uwana mata na zumunta, da iyayenmu da ke zaune a nan, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, salamarsa ta zauna tare da ku. Ni ce Hannatu matar Iliya, daga wajen ƙauyen Turawa. Rubuta wannan shaida na yi, don in na ce da ka zan faɗa, kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Da ƙarar kwanon rufi abin ya fara. Ina ɗaki ina tankaɗe, sai na ji ƙwaram! daga madafa, inda muka jingine wani tsohon fallen kwano yana tare wa murhu iska.

Sai na fara gaya muku game da 'yata Tabita. Tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. Muna karɓo mata ƙwayoyi a asibiti, sun rage mata, amma ba su raba ta da ciwon ba. Muna kuma da wani baƙin kare, Duna. Ba wanda ya koya masa, amma kafin ciwon ya kayar da ita, sai ya fara wani siririn kuka, yana tura ta da kai har ta zauna. Saboda shi take zuwa makaranta, ya raka ta, ya kwanta a gindin darbejiya har a tashi. Saboda shi nake iya juya baya in yi wanke-wanke.

Ran nan da na fito a guje, na tarar da Tabita a ƙasa tana shure-shure dab da wuta. Duna ya shiga tsakaninta da murhu, ya banke kwanon, bakin kwanon ya sare shi a ƙafar baya. Da ta farfaɗo na duba shi. Jinin ba yawa, amma ƙafar ta saki. Agara ce ta tsinke, babbar jijiyar nan ta bayan ƙafa.

Baban Tabita ya je ya roƙo Malam Sule, malamin dabbobi da ke zuwa daga Karaye a kan babur yana duba shanun Fulani. Ya tsuguna ya duba, ya girgiza kai.

"Maman Tabita, ni fa mutumin shanu ne. Yau kuma kare za ki sa in yi wa ɗori? In Fulanina suka ji, sai sun sa na yi wanka kafin in taɓa musu saniya."

Na ce, "Malam, ka dubi Allah, ka dubi yarinyar nan."

Ya dube ta, ya buɗe jakarsa. Amma bai ɓoye mana ba. Ya ce zaren da ke hannunsa irin mai narkewa a cikin jiki ne, agara kuwa tana daɗewa ba ta haɗu ba. Wanda ba ya narkewa ya yanke musu a ofis tuntuni. Ya yi wa Duna allurar barci, ya ɗinke, ya ɗaure ƙafar da gora.

Ba a jima ba, wata safiya Duna ya miƙe zai bi Tabita, na ga ƙafar ta sake lanƙwashewa har ƙasa. Zaren ya narke, jijiyar ba ta kama ba.

Malam Sule ya dawo ya ce, "Bakin jijiyar yana janyewa. Sau ɗaya ya rage a iya haɗa ta, kuma ba da wannan zaren ba. In aka wuce makon nan, sai haƙuri."

Baban Tabita ya ja ni gefe. "Hannatu, kare ne fa. Wahala kawai yake sha. Ki bari in kai shi daji a huta."

'Yan'uwa, a kwanakin nan tsoro ya ɗaure ni tamau. Na hana Tabita makaranta. Na hana ta zuwa rijiya, na hana ta zama kusa da murhu, ko bayan gida za ta sai na tsaya a ƙofa. Sujada na daina zuwa. In na buɗe baki zan yi addu'a, ba abin da nake gani sai 'yata cikin wuta. Ita kuma ta daina dariya, sai ta zauna kusa da Duna tana cire masa kaska.

Ran Laraba da hantsi na durƙusa a gefen turmi. Ban yi doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, ina jin kunyar kawo maka maganar kare. Amma kai ka ba mu shi. Ba ni da dabara, ba ni da zare. In ba ta hanyarsa za ka tsare min yarinya ba, to ka cire min wannan tsoro, don ya fi ƙarfina."

Ban gama share hawaye ba na ji sallamar mai kifi. Lokacin ba a daɗe da tare ruwa aka yi dam a Karaye ba, kifi ya fara shigo mana ƙauye. Na sayi tarwaɗa, an zarge su a wani farin zare siriri kamar gashi. Na naɗe shi a yatsa zan tsinka, ya ƙi. Na ƙara ja, ya yanke ni har jini.

Na tsaya ina kallon yatsan. Sai na yar da kifin a kwano, na riƙe hannun Tabita, muka nufi titi neman motar Karaye, wurin Malam Sule.

Malam Sule ya juya zaren a hannunsa. "Zaren fatsa ne, na roba. Ba ya narkewa kam, kuma an taɓa gaya mana ana amfani da irinsa. Amma wannan ya yi siriri, ga shi da santsi, ƙulli ba ya son zama a jikinsa. Ba zan sa a jikin dabba ba sai na gwada."

Ya kai mu bakin dam wurin wani dattijon masunci da ya sani. Da dattijon ya ji bayani ya yi dariya har da tafa cinya. "Sule, kifin ne ya ƙare, kuka koma kamun kare da fatsa?" Ya fito da zarurruka kala-kala, ya ce mu zaɓa, sadaka ce don yarinya.

Malam Sule ya cika bokiti da ruwa, ya ƙulla zare a mariƙinsa, ya rataya a reshe. Na farko ya tsinke nan take. Na biyu bai tsinke ba, amma ƙullin ya zame, ruwan ya kife mana a ƙafa. Ya ɗauki mai ɗan kauri, ya ƙulla, ya maimaita ƙullin a kan ƙulli, ya rataya. Ya fizgi bokitin ƙasa da ƙarfi. Ƙullin ya zauna daram!

A tukunyata na dafa zaren har ya tafasa sosai. Aka ɗinke Duna, aka ɗaure ƙafar. Malam Sule ya ɗaga min yatsa. "Makonni zai yi. Kada ya yi tsalle, kada ya yi gudu. In wannan ya ɓalle, kar ku aiko min."

Muka ɗaure Duna da gajeriyar igiya a rumfa. Kwanaki suna tafiya, ina ta lallaɓawa.

Sai wata rana da la'asar, ina riƙe da kansa ina ba shi kunu, na ji siririn kukan nan a maƙogwaronsa. Na ɗaga ido. Tabita tana can bakin randa, tana tsaye kusa da dutsen niƙa, idonta ya fara kafewa. Duna ya yunƙura. In na sake shi, zai fizga ya ɓalle ɗinkin. In na riƙe shi, kanta zai bugi dutse.

Na sake shi. Na yi ihu, "Yesu, ka riƙe!" na ruga na tare ta tana faɗuwa. A bayana ina jin igiya tana ƙara, yana fizga, yana haushi, da dukan ƙarfinsa.

Da ta lafa, na kasa waiwayawa. Baban Tabita ne ya shigo daga gona, ya tsuguna, ya shafa bayan ƙafar ta tsakanin gorar, kamar yadda Malam Sule ya nuna mana. Sai ya ce, "Hannatu, zo ki taɓa."

Jijiyar tana nan a miƙe, da ƙarfinta. Haleluya! Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya.

Duna ya warke. Yana ɗan ɗingishi, amma yana tafiya. Tabita har yau tana shan maganinta, ciwon bai rabu da ita ba tukuna, muna kan addu'a. Abin da Ubangiji ya kwance shi ne tsoron da ya mai da gidana kurkuku. Na gode masa. Na gode wa Malam Sule da dattijon nan, Allah ya sāka musu. Ke 'yar'uwata mai ganin damuwarki ta yi ƙanƙanta a kai gaban Yesu, ki kai masa haka nan, ki dogara gare shi.

Ranar da Tabita ta koma makaranta, na ɗauki gyale na bi bayansu a ɓoye har wajen gonakin gyaɗa. Ashe ta gan ni. Ta tsaya, hannunta a kan Duna, ta waiwayo ta ce, "Mama, ki koma gida ki ɗora girkinki. Mun san hanya."