Burodin Perla

A wani shagon burodi a Antwerp, nesa da unguwarmu ta Yahudawa, cikin makon Idin Ƙetarewa, wani dattijo mai gemu ya tsare budurwar da ke gabansa a layi.

"'Yata, da tauraron Dauda a wuyanki kike sayen burodi? A makon da ko ɓurɓushinsa ba ya kwana a gidan Bayahude?"

"To Baba, kai fa? Gaisuwa ka zo yi?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Matata ce, Perla. Ciwon mantuwa ya kama ta. A da ita ke bin lungu-lungu tana kakkaɓe ɓurɓushi, har aljihuna take zazzagewa. Yanzu ba ta san watan da muke ciki ba. Na miƙa mata gurasar idi marar yisti, ta ce kwali ne. Tun jiya take kuka, wai na hana ta abinci."

"Ka gaya wa limaminku mana."

"Da wane baki? Ni da nake yi wa mutane faɗa a kan wannan? Yanzu ma ban san yadda zan shiga unguwa da ledar ba."

"Kawo, ni zan riƙe maka har ƙofa."

"Za a gan ki, 'yata."

Ta tura tauraron cikin riga.

"Ni ai ba wanda zai yi mamaki in ya gan ni da burodi, Baba."