Allurar Ɗana Tana Firjin Mota

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Usama ce daga Waziriyya, Jidda. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Ɗana yana da ciwon suga. Shi da abokansa sun hau kekuna, suna bin ƙananan garuruwan bakin teku har Yanbu. Allurarsa tana firjin motarsu mai ɗakin kwana, ita kuwa wucewa take yi ta jira su a gari na gaba. Na yi magana, ya ce, "Halas, ya isa haka, Umma, kakanki da ƙafa ya zo daga Kano." Na ce kakana ba ya allura.

Ya dai tafi. Masu sauraro, yaya mai keke zai riƙe allurar nan rana ba ta lalata ta ba? Wanda ya sani ya faɗa, in buga wa ɗana waya in gaya masa.