'Yan Tsakin da Suka Hau Jirgi

A tashar Mando, Malam Labaran, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana zaune a mota yana jiran ta cika, kukan 'yan tsaki daga kwalayen matar da ke gefensa ya ishe shi.

"Hajiya, daga ina aka kwaso wannan hayaniya?"

"Daga Ibadan, Baba. A jirgin sama suka zo da safen nan."

"Jirgi! Ni da furfurata ban taɓa hawa ba, tsako ya riga ni."

"Ai gwamnati ta kyauta da ta sauƙaƙa wa jiragen kaya. A da, a mota ake kawo min su, kafin su iso Katabu zafi ya kashe rabi. Saura kaɗan in rufe gidan kajin."

Ya taɓe baki. "Ku ta yi wa. Namu yaran, da digirinsu, dako suke yi a gindin jirgi. Ko a masallaci ba na son a tambaye ni aikin da nawa yake yi."

"Haba Baba! Yau na makara zuwa filin jirgin, na iske wani matashi ya janye kwalayena daga rana yana musu fifita. Na ba shi na goro, ya ƙi karɓa. Ɗayyabu na ji ana kiransa. Har yanzu addu'a nake masa."

Malam Labaran ya gyara zaman hularsa.

"Dogo, mai wushirya?"

"Shi fa! Ka san shi?"

Ya ɗaga murya yadda duk 'yan motar za su ji.

"Ɗana ne. A filin jirgi yake aiki."