Farin da ya fito wa Baba a hannu

Assalamu alaikum Malam, daga Bungudu nake rubuto maka.

Babana na fama da kansar huhu, aka ɗora shi kan maganin da ke tada garkuwar jiki. Sai hannayensa suka yi dabbare-dabbaren fari. Abokansa na majalisa suka daina cin kwano ɗaya da shi, wai kuturta ce.

Muka garzaya asibiti. Likita ta ce ba a ɗauka, garkuwar ce ta farka har ta taɓa fata. Ta ce masu wannan alamar sukan fi samun sauƙi, amma a riƙa kawo shi da wuri.

Ikon Allah, Malam! Mutumin da muke tallabewa zuwa banɗaki, bana da waɗannan hannayen ya yanke geronsa. A gaida mini 'yan majalisa, a ce musu kwanon yana nan.