Cokali a Cikin Soket

A layin awon yara a asibiti, wata dattijuwa mai goyon jika ta ƙura wa ɗan matar da ke gefenta ido.

"'Yar nan, wannan ne aka ce ya zura cokali a soket?"

"Shi ne, Mama. Ina wanke-wanke na ji ƙat, wutar gidan ta ɗauke. Na rugo na same shi yana tsala kuka, ashe tsorata kawai ya yi."

"Ikon Allah! Ko ƙuna babu?"

Uwar ta buɗe tafin hannunsa, ta ƙara rungume shi. "Mai aikin wutar da na nace a kira, mai takardar shaida, shi ya sa mana na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ja mutum. Lokacin har maigidan ya ce na cika iyayi."

Dattijuwar ta tuntsire da dariya. "Mu ƙanen mijina ya ja mana waya. Firjinmu sai da silifa ake buɗe shi, in ba haka ba ya gaishe ki."

"Jikan naki yana da silifa?"

Dattijuwar ta waiga bayanta, dariyar ta ɗauke.

"Jiya ya fara rarrafe." Ta lalubo wayarta. "Karanto mini lambar mutumin nan."