Kifin da Na Kashe da Magimfa

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu, Allah Ya ƙara lafiya. Ni akawu ne a Unguwar Sarki, kuma kunya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ran Lahadin da ta wuce na daka ganyen magimfa, mai bugar da kifi, na zuba a wani gurbi na kogin Kaduna, ta wajen Malali. Kafin azahar kifi ya taso ya rufe ruwa, manya da 'yan mitsi-mitsi. Na tsince manyan, na bar sauran a gaɓa.

Da la'asar na kai wa malaminmu na zaure babbar tarwaɗa. Sai na tarar da Baba Ɗanjuma masunci a gabansa, da ƙwarya cike da matattun ƙananan kifaye. Da wannan gurbi yake ciyar da iyalinsa.

Malam ya ce, "Kai ne?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ɗana, kogin nan amanar Allah ce a hannunmu. Ya halatta maka ci, Ya hana ka ɓarna. Har na baɗi ka kashe. Ɗauki kifinka."

Baba Ɗanjuma bai zage ni ba, ya ce kawai, "Allah Ya shirye ka." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi istigfari, amma har yau na kasa bi ta ƙofar gidansa. Jama'a masu sauraro, ku ba ni shawara, da wace fuska zan je in roƙe shi gafara? Wassalam.